Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Da Ke Ba Da Izinin Tallace-tallace A Wilayoyin Gabashi Da Tsakiyar Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma shugabannin ofisoshin yaɗa labarai na wilayoyi, wato jihohi, da jami'an mahalliyyoyi, wato ƙananan hukumomi, masu ba da izinin kafa alluna a bakin tituna, da shugabannin gidajen rediyon da ke ƙarƙashin kulawarku, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya mayar da kowane mai gudun hijira ɗakinsa lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne da yawun wasu malaman makaranta da 'yan kasuwa da matasa da iyaye mata daga cikin Hausawan Sudan, mazauna Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin, waɗanda suka haɗa ɗan abin da ke hannunsu domin yin kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu ta hanyar alluna da sanarwar rediyo, amma aka tare musu hanya. Na rubuta da Hausa domin mutanen da nake wakilta su san abin da aka faɗa da sunansu, kuma za a miƙa muku fassarar Larabci hannu da hannu.

Abin da muka shirya ba shi da wani ɓoyayyen nufi. Hoto ne na yara 'yan firamare a tsaye a ƙofar makaranta: yaro Bahaushe da hularsa, ɗan Hadandawa da sidiriya a kan jallabiya, yarinya daga Barta, yaro daga Duwatsun Nuba, 'yar Ja'aliyyin riƙe da jakar littattafai, sai wata yarinya a gefen dama da ta dogara da sandar guragu tana dariya. A ƙarƙashinsu an rubuta da Larabci cewa Sudan gidanmu ne mu duka, sannan aka maimaita maganar da harshen kowane yaro da ƙananan baƙaƙe. Sanarwar rediyon kuwa ba ta wuce minti ɗaya ba, muryoyin iyaye mata ne, kowace tana yi wa maƙwabciyarta barka da asuba da harshenta, daga ƙarshe wani dattijo ya rufe da addu'a da Larabci. Babu sunan jam'iyya a ciki, babu tutar wata ƙungiya, babu ambaton kowane ɓangare na masu ɗauke da makami, kuma iyayen yaran duk sun ba da yardarsu a rubuce.

Da muka kai aikin ofishin da abin ya shafa a ɗaya daga cikin garuruwanmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin tsari muke kuka da shi, an karɓe mu da mutunci, aka ba mu wurin zama, aka kawo shayi. Jami'in ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ɗauki jan biro ya fara zagaye wurare. Ya zagaye duk rubutun da ba Larabci ba, ya zagaye hula da sidiriya ya ce a sa yaran cikin kayan makaranta iri ɗaya, ya zagaye yarinya mai sanda ya ce hotonta yana sa baƙin ciki kuma mutane sun gaji da baƙin ciki. Game da rediyo ya ce a dakata sai al'amura sun lafa. Da muka tambaye shi dokar da muka saɓa, sai ya ɗaga yatsa ya nuna sama, ya ce umarni ne. Muka roƙi ya ba mu wannan amsa a takarda, ya ce irin wannan ba a rubuta shi.

Kukanmu na farko yana nan daidai wurin. Hukumar da ta hana abu ba tare da takarda ba, ba tare da ambaton doka ba, ta bar ɗan ƙasa cikin duhu, domin bai san abin da zai gyara ba, bai san inda zai kai ƙara ba, kuma ba shi da shaidar cewa an ma hana shi. Kuɗin da aka kashe wajen ɗaukar hoto da buga alluna daga adashin mata ya fito da kuma gudummawar masu shaguna da direbobin raksha, wato babur mai ƙafa uku, a lokacin da buhun dawa ya zama abin tunani a kowane gida. Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce tsoron da ya shiga zukatan waɗanda suka taimaka. Wani ɗan kasuwa da ya yi alkawarin ɗaukar nauyin hayar allo a bakin kasuwa ya janye, ya ce ba ya son sunan shagonsa ya shiga wani littafi da bai sani ba. Mai bugawa ya ce nan gaba duk aikin da ke ɗauke da harshen da ba Larabci ba sai an kawo masa hatimi kafin ya taɓa. Ga shi ba a kafa wata doka ba, amma kowa ya fara tace kansa da kansa, kuma irin wannan tacewa ta fi wadda jami'i ke yi tsanani, saboda ba ta da iyaka.

Kuka na biyu shi ne hujjar da ake rayawa a bayan wannan hani, wato wai nuna ƙabilu daban-daban a allo ɗaya yana iya ta da fitina. Masu girma, idan akwai al'ummar da ta san ɗacin fitinar ƙabilanci a 'yan shekarun nan, to muna cikinta. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da kewayenta a wilayar Nilul Azraƙ, bayan taƙaddama kan neman a ba Hausawa sarauta a tsarin idara ahaliyya, wato mulkin gargajiya, da kuma batun ƙasar noma, aka kashe mutane fiye da 100 cikin 'yan kwanaki. A watan Oktoban 2022 wutar ta sake kamawa a Wad al-Mahi, ta ci rayukan da suka fi na farko yawa, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu suka kwana a makarantu da filayen Allah a Damazin da Sinnar da Rabak da sauran wurare. Waɗanda suka mutu ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Barta da Hamaj da sauran ƙabilun Funj, mutanen da kakanninmu suka yi kasuwa ɗaya da su, suka yi sahu ɗaya a masallaci, har da auratayya.

Ku tambayi duk wanda ya ga wancan lokaci da idonsa abin da ya riga harsashi isa gidajen mutane. Saƙonnin murya ne a WhatsApp da rubuce-rubuce a Facebook, wannan yana cewa waɗancan baƙi ne a kore su, wancan yana cewa ku tashi ku rama, ana yaɗa hotunan gawarwaki, ana rura wutar daga garuruwan da ko ƙarar bindigar ba su ji ba. Ba na wanke kowa a nan, domin a cikinmu ma an sami masu zafin baki da suka faɗi abin da bai dace ba, kuma zanga-zangar da aka yi a Kasala a wancan Yuli ta kai ga ƙona gine-ginen hukuma da shaguna, abin da dattawanmu ba su yarda da shi ba. Abin da nake so ku duba shi ne, babu ko ɗaya daga cikin masu waɗancan saƙonni da ya je wani ofishi neman izini. Mai kiran gaba yana zaune a ɗakinsa da waya a hannu, maganarsa tana isa dubban kunnuwa kafin a kira sallar la'asar. Mai kiran zumunci shi ne ya sa rigarsa ya zo ƙofarku da takardu, ya bi layi, ya biya kuɗin hatimi, kuma shi ne aka mayar. Gonar da aka hana mai ita shuka ba ta zama fayau har kaka, ciyawa ce ke cinye ta, kuma haka fagen magana yake a ƙasarmu a yau.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, lamarin ya ƙara muni. Miliyoyin mutane sun bar Khartum da Jazira da Darfur sun cika garuruwan gabas, mutanen da ba su taɓa zama unguwa ɗaya ba yanzu suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya, 'ya'yansu suna zama a benci ɗaya. A daidai wannan lokaci ne ake tsare mutum a shingen bincike saboda kamanninsa ko lafazinsa, abin da jama'a suka laƙaba wa suna dokar baƙin fuskoki, kuma kowa ya ji hare-haren da aka kai wa mazauna kanabi, wato matsugunan leburorin gona, a Jazira a watan Janairun 2025. Idan sojan da ke tsaye a shinge da yaron da ke tafiya makaranta ba su taɓa ganin fuska irin tamu a allon hukuma ko a talabijin a matsayin fuskar ɗan ƙasa ba, da me za su auna mu ranar da aka ce musu mu baƙi ne? Saboda haka jiran da aka ce mu yi sai al'amura sun lafa bai kama hankali ba, domin yanzu ne ake bukatar wannan kira, lokacin da zukata ke tafasa.

Ba kuma jiya muka zo ba. Tun ƙarnukan baya alhazai daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙafa da bisa jakuna suna nufin Sawakin, wasu suka sauke farali suka dawo suka zauna, wasu guzuri ya ƙare musu a hanya suka kafa unguwanni suka yi iyali. Bayan da sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira har bakin Nilul Azraƙ, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, garin da ke nan har yau da sarautarsa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannayen kakanninmu na cikin waɗanda suka yi shuka da tsinka, kamar yadda hannayenmu ke cikin yankan dawa da riɗi a Gadarif kowace kaka. Mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, wato A'isha Falatiya, haifaffiyar Kasala ce da asalin gidansu ya fito daga yamma, kuma ta yi waƙa da Hausa kamar yadda ta yi da Larabci. Dokar jinsiyya ta 1994 ta ɗauki duk wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 1 ga Janairun 1956 a matsayin ɗan Sudan na haihuwa. Hular da aka zagaye da jan biro, hular ɗan ƙasa ce a doka da a tarihi.

Kuka na uku ya shafi harshe. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005 ya bayyana a sashe na 8 cewa dukkan harsunan mutanen Sudan harsunan ƙasa ne da ya wajaba a girmama su a bunƙasa su, kuma takardar tsarin mulki ta 2019 ta gina haƙƙoƙi a kan zama ɗan ƙasa ba tare da bambancin ƙabila ko launi ko addini ko al'ada ba. Sudan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariyar launin fata tun 1977. Babu wanda ke jayayya da matsayin Larabci, shi ne harshen Alƙur'ani, shi ne ke haɗa mu a kasuwa da makaranta, kuma shi muka sa a sama da manyan baƙaƙe. Abin da ke ba mu ciwo shi ne, lokacin da kwalara ta ɓarke a Kasala da Gadarif a damunar 2024, mu aka nema mu hau mota da lasifika mu zaga unguwanni muna gaya wa tsofaffi da Hausa su tafasa ruwa su wanke hannu, kuma muka yi da zuciya ɗaya, kamar yadda 'yan'uwanmu Bija suka yi da nasu harshe. Harshen da ya isa ya ceci rai ranar annoba, ta yaya zai zama barazana ga tsaro ranar da ya ce wa maƙwabci ina kwana? Allah Maɗaukaki Ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22, kuma Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 13, Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna. Mutane ba za su san juna ba idan an umarce su da ɓoye abin da ya bambanta su.

Kuka na huɗu shi ne ma'auni biyu da ake amfani da su. Shekara da shekaru muna ganin tallan man shafawa mai canza launin fata a alluna da tashoshin talabijin da tagogin shaguna, ana nuna wa 'yar shekara goma sha biyar cewa aure da aiki da daraja suna jiran wadda ta yi haske. Muna ganin shagunan ƙadar zurufak inda ake auna wa yarinya haɗin mayuka a cokali gwargwadon kuɗinta, ba ta san abin da ke ciki ba, alhali likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan illar da irin waɗannan sinadarai ke yi wa fata da ƙoda. Ban taɓa jin an zagaye irin wannan talla da jan biro an ce yana ta da fitina ba, duk da cewa kullum yana faɗa wa yawancin 'ya'yan ƙasar nan cewa launin da Allah Ya yi su da shi aibi ne.

Batun yarinya mai sanda kuwa ya fi komai tsaya mini a rai. Sudan ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2009, ta kuma yi dokarta ta cikin gida a 2017, kuma yaƙin nan yana ƙara mana yaran da suka rasa ƙafa ko hannu ko gani, waɗanda za su girma a tsakaninmu, su nemi gurbi a aji da wurin aiki. Yarinyar da ke hotonmu ba bara take yi ba, makaranta za ta shiga, kuma ita ta fi kowa fara'a a cikinsu. Mahaifiyarta ta tambaye ni yaushe za a kafa allon domin ta kai ta ta gani, kuma har yau ban iya gaya mata cewa an ce a cire 'yarta saboda ganinta yana ɓata wa mutane rai ba.

Masu girma, ƙasar nan ta gwada hanyar toshe baki ta ga inda ta kai ta. A zamanin gwamnatin da ta faɗi a 2019, jami'an tsaro kan shiga ofisoshin jaridu da dare su cire labarai kafin a buga, kuma a rana ɗaya a watan Fabrairun 2015 an ƙwace bugun jaridu 14 bayan sun fito daga maɗaba'a. Duk wannan bai hana Darfur ƙonewa ba, kuma dagewar da aka yi shekaru da dama a kan cewa Sudan fuska ɗaya gare ta da harshe ɗaya tana cikin abubuwan da suka sa 'yan'uwanmu na Kudu suka zaɓi rabuwa a 2011. Mun yarda cewa hukuma tana da haƙƙin hana tallan da ke zagin wata ƙabila ko addini, ko yake kiran ɗaukar makami, kuma za mu tsaya tare da ku a kan hakan. Mun kuma san cewa jami'in da ya mayar da mu yana iya kasancewa tsoron makomar aikinsa yake yi, tunda shi ma ba a ba shi rubutacciyar ƙa'idar da zai dogara da ita ba.

Saboda haka muna roƙonku, da farko, ku fitar da rubutacciyar ƙa'ida ta tace tallace-tallace, a manna ta a ƙofar kowane ofishi, a karanta ta a rediyo, ta fayyace abin da aka hana da dalilin hana shi, ta kuma faɗa a sarari cewa nuna ƙabilun Sudan da tufafinsu da harsunansu da masu naƙasarsu cikin mutunci ba laifi ba ne. Duk wanda aka ƙi ba shi izini a ba shi amsa a takarda mai hatimi cikin ƙayyadadden lokaci, da ambaton sashen dokar da ya saɓa, da kuma inda zai ɗaukaka ƙara idan bai gamsu ba.

Muna roƙon a sake duba aikinmu yadda muka kawo shi, da hularsa da harsunansa da yarinya mai sanda. Idan akwai kalmar da wata al'umma ta ga ba a rubuta ta daidai da harshenta ba, ko wani abu da ya saɓa wa al'adarta, a shirye muke mu gyara, amma gyaran ya fito daga bakin masu harshen da masu al'adar. Wannan ne ya sa muke ba da shawarar kada hukunci irin wannan ya rataya a wuyan jami'i ɗaya, a kafa kwamiti a kowace wilaya da zai haɗa wakilan idara ahaliyya na ƙabilu daban-daban, da limamai da shugabannin coci, da mata, da masu naƙasa, da 'yan jarida, domin su ne suka san abin da ke kwantar da hankalin jama'arsu da abin da ke tunzura ta.

Muna roƙon gidajen rediyon wilayoyi su ware wani lokaci kowane mako, kyauta, domin saƙonnin zaman tare da harsunan mazauna wilayar, kuma a auna tallan mayukan canza fata da ma'aunin lafiya da na mutunci kafin a ba shi allo. Masu yaɗa kiran gaba a intanet kuma, ko daga wace ƙabila suke, har da tamu, a gurfanar da su a gaban kotu a bayyane, domin jama'a su ga cewa doka ce ke aiki.

Wakilanmu a shirye suke su zo duk ofishin da kuka zaɓa, tare da dattawa daga sauran ƙabilun da 'ya'yansu ke cikin hoton, kuma muna fatan amsarku ta zo a rubuce kamar yadda muka rubuto muku, domin mu karanta wa waɗanda suka ba da kuɗinsu da 'ya'yansu ga wannan aiki.

Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku, malamin makaranta,
a madadin Hausawan Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin da suka haɗu a kan wannan kira.